Ranar da Na Yi wa Gansakuka Ban Ruwa

Hamada

Kwananmu uku a bayan Hilux, gaba da Agadas, na fara sanin ko wane ne Bello. Kowannenmu ya zuro ƙafafu waje, ya rungume sandar da aka kafa masa tsakanin cinyoyi. Wani mutum da ban san ƙasarsa ba ya yi gyangyaɗi, ya saki sandarsa. Muka ji tim, muka sa ihu, muka yi ta bubbuga rufin mota. Direba ya tsaya. Na ɗauka mutumin zai koma ɗaukowa, ashe bel ya fito da shi, ya hau waɗanda suka buga masa mota. Ni sau ɗaya ya same ni na kira sunan uwata. Bello ya sha uku a wuya, yana kallon direban kamar mai kallon akuya tana cin dusa. Motar ta tashi, mutumin nan yana zaune a yashi yana ɗaga mana hannu.

Sunana Lawal, mutumin Ƙofa ne ta ƙasar Kusada, kuma manomin rani. Albasa da tumatur da attaruhu, in dai a kwami ake rainonsu, ba na jin akwai wanda zai koya mini. Wannan taƙamar ce ta kai ni inda ta kai ni. Bello kuwa Bafulatanin Fakuwa ne. A kasuwar Kankiya na san shi, inda uwarsa ke sayar da nono. Ɓarayin daji suka kore masa shanu rana ɗaya, ni kuma ruwa ya ƙafe mini a lambu shekara biyu a jere, sai muka haɗa hanya. Bai taɓa kirana da sunana ba. Kaɗo yake ce mini, ni kuma in ce masa makiyayi ba garke.

Sabha

A Sabha aka zuba mu a wani gareji mai rufin kwano. Masu neman leburori su kan zo da hantsi, a jera mu, su matsa damtse, su buɗe baki su duba haƙora. Na taɓa yi wa rago haka a kasuwar Kusada, ban taɓa tunanin yadda ragon yake ji ba. Wanda ya yi gardama sai a kwantar da shi a doki tafin ƙafarsa da ƙarfe har ya kasa takawa. Akwai wata tsohuwa a maƙwabta da kan jefo mana burodi ta kan katanga. Ban taɓa ganin fuskarta ba, hannunta mai lalle kawai na sani. Har yau ina sa ta a addu'a.

Ranar da wani mai babbar mota ya zo, Bello kaɗai ya nuna. Ni na rame, gudawa ta cinye ni, ba wanda zai ɗauke ni. Bello ya damƙe wuyan hannuna. Mai gadi ya buga masa gindin bindiga a kafaɗa, bai saki ba. Ya sake bugawa, bai saki ba. Mai motar ya yi dariya ya ɗaga yatsu biyu.

A cikin mota na ce masa, "Da ka bar ni, Bello. Yanzu ka ja wa kanka."

Ya ce, "In na bar ka, wa zan riƙa yi ma dariya? Kaɗo ai ba shi iya kiwon kanshi."

Gishiri

Aka kai mu bakin teku, yamma da Tarabulus, wani fili fari fat da ba ko tsiro ɗaya. Gishiri ake haƙa. Cikin sati biyu ƙafafuna suka tsattsage, in na taka ruwan sai in ji kamar ana zuba barkono a ciki. Mai kula da mu ana ce masa Mudir. Kullum yana riƙe da guntun baƙin tiyo mai ƙarfe a baki, kuma ba ya daina dukan mutum sai ya ji ihu. Muka gane haka da wuri, ana ɗaga tiyo kake fara kwarmato, sai a taƙaita maka.

Abin da ya fi damuna a wurin rashin kore. Mutumin da ya tashi yana buɗe ido a kan ganyen albasa, a ajiye shi inda ko ƙaya babu. Nakan rufe ido in ga geron gonakin ƙauyen Boko a watan takwas, in buɗe in ga gishiri.

Can bayan ramukan gishirin akwai wasu tafkuna marasa zurfi da aka shimfiɗa wa leda. Kaɗan kore ne, mafi yawa ja wur kamar an yanka shanu a ciki. Gansakuka suke nomawa. Da na ji haka na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Abin da muke kwashewa daga bakin dam mu zubar don kada ya toshe injin ban ruwa, shi mutanen nan ke raino. Da na dubi jajayen tafkunan kuwa sai na yanke hukunci a raina: waɗannan sun ƙone, asara ce, shi ya sa Mudir ba ya dariya. Baƙo ko da ido makaho ne, amma ni a lokacin gani nake na fi kowa ido.

Wata rana Mudir ya tambaya da Larabci ko akwai manomi a cikinmu. Kalmar fallah na riga na tsince ta. Na ɗaga hannu har ina tsalle. Ya kai ni gaban wani ɗan ƙaramin tafki, bai fi girman ɗaki ba, zurfinsa taƙi ɗaya, kore shar. Ya nuna mini da hannu: ga filafilin da zan riƙa motsa ruwan, ga bututun ruwan gishiri da zan riƙa buɗewa kaɗan kowace safiya. Sannan ya nuna tafkin, ya nuna wuyana, ya ja yatsa. Wannan ba sai da tafinta ba. Masanin da ke kula da tafkunan ya tafi birni jinya, don haka ba wanda ya ƙara mini ko kalma.

Shi Bello aka ba shi tankin ruwan sha. Tanka kan kawo ruwan daɗi ranar Litinin, a cika tankin, shi za mu sha har wata Litinin. Tiyon tankin da makullin famfon suna hannunsa.

Kwami

Na riƙi tafkin nan kamar kwamin irin albasa. Kwana biyar yana kore. Na shida ya fara ɗorawa-ɗorawa. Na takwas ya koma ruwan goro. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san abin da ake nufi in ganye ya bar kore ya nufi ja: ƙishirwa ce, ko kanwa ta taso ta cinye saiwa. Na ga fadamar kawuna ta mutu haka. Kuma maganin ɗaya ne tun kaka da kakanni, a sakar wa wurin ruwa mai daɗi ya wanke shi. Ga shi ni da hannuna nake ƙara masa gishiri kullum. Na tuna yatsan Mudir a wuya.

Ranar Juma'a masu gadi suka kulle ƙofa suka tafi masallaci a gari. Na je na jawo tiyon tankin. Bello ya biyo ni.

"Kaɗo, mi kake yi? Ruwan shan mutane ne fa."

"Kaɗan zan ɗiba. Shukar na mutuwa."

"An ce ka zuba mata wanga?"

"Kai shanu ka sani, su ma ka bari an kore. Shuka ka bar wa masu ita. Ba ni makulli."

Maganar shanun ta soke shi, na gani a idonsa, kuma da gangan na faɗa. Ya miƙo makullin ya juya. Na sakar wa tafkin ruwa. Kaɗan ɗin da na ce bai sa ya yi kore ba, sai na ƙara, na kuma ƙarawa, har tiyon ya fara tari ya tsaya. Kafin la'asar jan ya taso sama ya kwanta kamar manja a kan miya, ƙasan ruwan ya yi fari-fari. Na ce alhamdu lillahi, cutar ce ke fita.

Da safiyar Asabar wani tsoho baƙi dogo mai farin rawani ya zo bakin tafkin. Ya tsoma wani ma'auni na gilashi a ruwan, ya duba, ya sake tsomawa. Sai na ji ya ce, da Hausa, "Inna lillahi. Wa ya kashe su?"

Shi ne Malam Usman, masanin da ya tafi jinya. Basudane ne, amma kakanninsa Hausawa ne da suka nufi Makka a ƙasa suka yada zango a hanya. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci. Wata tara ban ji Hausa a bakin kowa ba sai Bello, amma ban samu damar yin murna ba.

Ya ja ni ɗakinsa, ya ɗebo ɗigo ɗaya daga wani jan tafki ya ɗora a gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Ya ce in leƙa. Na ga wasu ƴan mitsi-mitsin halittu jajaye, kowace da gashi biyu a ka, suna iyo.

Ya ce, "Ɗana, kowace ɗaya da ka gani salka ce cike da ruwa, fatarta ba ta da ƙwari. Shi kuwa ruwa kullum gefen da gishiri ya fi yawa yake bi. In gishirin waje ya ƙaru, sai ya tsotse ruwan cikinta, ta yamutse. To ita ba ta bari. Tana da abincin da ta ajiye, sai ta narka shi ta mai da shi wani mai-mai mai zaƙi, gilisarin. Shi ke riƙe mata ruwan, ta koma ta cika daidai. In gishirin waje ya ragu, ruwa ya fara shigowa da yawa, sai ta mai da man nan abinci ta ajiye, matsin cikinta ya sauka. Kullum tana awo, ciki da waje. Amma tana son lokaci. Shuwayya-shuwayya, sannu-sannu."

"To jan fa, Malam? Ba ƙonewa ba ne?"

"Jan shi ake nema. In rana da gishiri sun matsa mata, sai ta yi jan nan ya zame mata laima. Shi ake busarwa a sayar. Tafkinka nuna ya fara."

Ya ɗiga ruwan sha a gefen gilashin ya ce in sake leƙawa. Na ga sun daina iyo. Suka kumbura, suka zama ƙulu-ƙulu, sai suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya, jan cikinsu yana watsewa. Ban kai ga ɗago kai ba duk sun ƙare. Gyaran gangar Abzinawa na yi. Malam Usman ya ce sabon iri ne, a kwalba aka kawo shi daga wata ƙasa, wata shida yana rainonsa, kuma jibi masu saye za su zo gani.

Ya dube ni ya daɗe. Bai tambaye ni ba, ya riga ya sani. Ya ce, "Ka kama bakinka. Zan ce wa Mudir bututu ne ya fashe."

Ƙaryar ba ta samu wurin zama ba. Kafin mu fito, Mudir ya ga sawun tiyo a ƙasa daga tanki har tafki, ya ƙwanƙwasa tankin ya ji fanko.

Gindin tanki

Aka tara mu duka da rana tsaka. Aka tuɓe wa Bello riga, aka ɗaure hannayensa sama a ƙarfen da tankin ke kai. Mudir ya tambaye shi, Malam Usman ya fassara: shi ya buɗe ruwan, ko wani ya ba makulli? Bello ya dubi taron, idonsa ya bi ta kaina ya wuce kamar bai san ni ba.

Tiyon farko ya tsaga fata daga kafaɗa zuwa ƙugu. Na biyu ya hau kan na farko. Bello ya gyara tsayuwa, ya ɗaga haɓa. A nan na ga tsofaffin tabo a haƙarƙarinsa, na gane bala'in da muke ciki. Ɗan shaɗi ne. A wurinsu saurayi kan tsaya gaban dangi da ƴan mata a tsula masa tsumagiya, in ya ko motsa gira ya ja wa gidansu abin gori har jikoki. An raine shi a kan cewa namiji ba ya kuka a ƙarƙashin bulala, kuma ba ya tona wanda suka ci abinci tare. Shi kuwa Mudir ba ya tsayawa sai an yi kuka.

Ina tsaye. Zan faɗa ba tare da kwana-kwana ba: tsoro ne ya riƙe ni. Fitsari ya zubo mini a wando. Jini ya gangaro ta ƙafafun Bello ya rina gishirin da ke ƙasa, Mudir ya gaji ya sauya hannu, ni ina tsaye. Wani ɗan Mali a kusa da ni yana salati. Malam Usman ya riƙe hannun Mudir, aka hankaɗe shi ya faɗi, rawaninsa ya warware. Sai da Mudir ya sa aka ɗebo bokitin ruwan gishiri aka watsa a bayan nan da ya zama nama, na ga jikin Bello duka yana karkarwa bakinsa a rufe, sannan ƙafata ta motsa.

Na fito ina ihu, "Ana! Ni ne! Ni na buɗe!"

Mudir ya juyo ya sakar mini bakin ƙarfen a fuska. Haƙorana biyu suka zube, na faɗi ina kururuwa. Ya ƙara mini uku a baya, na yi ta birgima ina roƙo. Sai ya bar ni. Ya samu abin da yake so a wurina. Ya koma kan Bello, don zancen ya daɗe da barin tafki. Baƙin bawa ne ya tsaya yana kallonsa ido cikin ido a gaban mutanensa.

Na ja jiki zuwa ƙafafun Bello, baki cike da jini. "Bello, yi kuka! Don Allah, don Annabi, ka yi ihu sau ɗaya ya ƙyale ka! Ba kowa nan, ba Fakuwa ba ce!"

Ya sunkuyo da kai kaɗan. Ya ce, "Kaɗo, tashi. Kana ba ni kunya."

Da hannun Mudir ya mutu, ya sa aka kwance shi aka kai shi ramin da ruwan gishiri ya fi kauri, aka ɗaure shi a turke, ruwan har ƙirji. Mai gadi ya zauna da bindiga. Daga azahar har rana ta yi ja yana ciki. Abin da Malam Usman ya bayyana mini da safe, yadda gishiri ke tsotse ruwan mai rai, shi nake kallo a jikin abokina.

Da muka ciro shi, leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa, fatarsa in ka ja ba ta komawa. Ruwa yake buƙata, na sha da na wanke ciwo, tanki kuwa fanko, tanka sai Litinin. Malam Usman ya kawo gorarsa. Na fizge zan ɗura masa, ya riƙe ni. Ya sa ɗan sukari, ya jiƙa tsumma yana matsa masa a baki ɗigo-ɗigo. Sai ga leburori suna shigowa ɗaya-ɗaya, Ƴan Gana da Ƴan Mali da Ƴan Cadi, kowa da ɗan abin da ya ɓoye a roba, wani bai fi kurɓi biyu ba. Duk sun ji na ce ni na zubar musu da ruwa. Ba wanda ya dube ni, suka ajiye suka fita. Bai isa ba.

Da hantsin Lahadi ya buɗe ido. Ya daɗe yana neman fuskata.

Ya ce, "Kaɗo, shukar taka ta yi kore?"

Ya yi wani abu da baki mai kama da murmushi. Kafin azahar ya cika. Da ruwan teku muka yi masa wanka, ni da Malam Usman, muka binne shi a bayan ramukan, inda ƙasa ta ɗan yi tauri.

Fakuwa

Malam Usman ne ya ɓoye ni a motar gishiri bayan sati uku. Yadda na yi wata biyar a tsare a birni, da yadda aka kwaso mu a jirgi, wannan wahalar kowa ce, ba ni da bakin ba da labarinta. Na kwana biyu a Ƙofa, na uku na hau mashin zuwa Fakuwa.

Labarin ya riga ni isa. Na tarar da uwarsa, Inna Hajjo, a gindin wata bishiyar kanya tana wanke ƙore. Na durƙusa na gaishe ta. Bello ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ko a ranar ba ta kama ba.

Ta ce, "An ce dukan shi aka yi."

"Haka ne, Inna."

"Sata ya yi?"

"A'a, Inna. Wallahi bai yi sata ba."

"To mi ya yi?"

"Bai yi komi ba."

Ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar. Na shirya amsa tun daga bakin teku, na haddace ta kamar karatun allo. Ina jira ta ce, to wa ya yi? Ba ta ce ba. Ta ɗauraye ƙwaryar, ta shiga bukka, ta fito da nono ta dama mini fura. Ta dubi giɓin bakina ta ce, "Kai ma sun taɓa ka. Sha, ɗana. Kai ka riƙe shi a can."

Na karɓa da hannu biyu na sha.

Yanzu na koma lambu. Duk ranar kasuwar Kankiya nakan kai albasa, kuma duk ranar tana ajiye mini nono a ƴar ƙwarya daban, ta rufe da faifai, ba ta sayar wa kowa. In na yi latti takan aika a neme ni. Kowane mako ina tahowa da maganar a bakina, in durƙusa, in gaishe ta, in buɗe baki. Sai ta ɗaga faifan ta miƙo mini.